Ranar da Na Riƙe Hannun Baba

A shekarun da abin nan ya faru, ni matashin magidanci ne da ke zaune da matata a Hay el-Sabi' a birnin Alƙahira. Karatu ne ya kawo ni, na gama ban koma gida ba, na shiga aikin tafinta ga mutanenmu masu zuwa neman magani. In tarbo mara lafiya a filin jirgi, in nema masa masauki, in kai shi gaban likita, in juya masa Larabci zuwa Hausa. Ni mutum ne marar zama, tun ina yaro mahaifiyata take cewa kamar an zuba mini ƙaiƙayi a riga. In na zauna ƙafa tana rawa, in na kwanta zuciya tana ƙulle-ƙulle. Na rubuto muku ne saboda abin ya ƙi sakina har yau, ko Allah zai sa wani mai irin halina ya karanta ya tsira.

Mahaifina tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duk sun ƙare a wata ƙaramar tasha a garinmu, inda yake canza wa jirgi layi daga wani ɗan ɗaki mai kwanon rufi a gefen dogo. Tashar ta daɗe da mutuwa, awaki ne ke kiwo a cikinta yanzu, amma in Baba ya fara labarinta sai ka rantse jiya ya tashi daga aiki. Wata rana ina yawon kashe lokaci a Wustul Balad, tsakiyar birni, kafin sakamakon gwajin wani mara lafiya ya fito, sai na faɗa wani shagon tsofaffin kaya. A can ƙuryar shagon na hango ɗan jirgin ƙasa, kan jirgi da taragunsa da 'yan guntayen dogo, irin wanda ake jona wa lantarki ya yi tafiya. Mai shagon ya kunna shi, jirgin ya zagaya yana wani ɗan ƙara. Wallahi ban san lokacin da na ce a naɗe mini shi ba. Da na shimfiɗa shi a kan teburin cin abinci, maiɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe yaro ta aura ba ta sani ba.

Da a nan na tsaya, da ba abin da zai faru. Amma jirgi yana zagaye a kan tebur babu gari babu daji, sai na ga abin bai yi ba. Na ce bari in gina masa tashar Baba. Na sayo falankin katako da gam da fenti, na riƙa bin masu kanti ina roƙon kwali. Dandamalin tasha na yi shi da kwali, rufin sito da gwangwanin madara da na buɗe na lanƙwasa, tankin ruwa da murfin kwalba a kan ƙafafun tsinken ashana. Soso na yayyaga na rina kore ya zama darbejiya. Ɗakin Baba na canza layi kuwa shi na fi ɓata wa lokaci, har da ƙofa mai buɗewa da ɗan benci a bakinta. Da na gaya wa Baba ta waya, murna ta kama shi, ya ce in nuna masa a hoton waya yanzu-yanzu. Na ce a'a, ya yi haƙuri sai na gama, ni da kaina zan kawo shi Masar ya gani da idonsa. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Ashe wannan abu ba ya ƙarewa, ban sani ba. Ka gama tasha, sai ka ga tana buƙatar gada. Ka yi gada, sai ka ga ai gada ba ta tsayawa babu kogi. Na koyi kwaɓa gibs, farin garin nan da Misirawa ke yi wa silin ado da shi, na tayar da tuddai, na fasa rami jirgi yana shiga yana ɓullowa. Tebur ya yi kaɗan, na kwashe komai na kai ɗakin baƙi, na jingine gadon da bango, daga baya na kwance shi gaba ɗaya na ba bawwab ɗin gidanmu, wato mai gadi, ya ajiye mini. Dogo ya bi bango ya zagaye ɗakin, sai 'yar hanya da mutum zai ratsa a karkace. Ina cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, hankalina yana kan kwalbati, ina gaban likita ina tunanin launin ƙasar garinmu. Abin da na yi jiya yau in rushe shi, in ce bai yi kama ba. Abokaina ɗalibai da suka leƙo suka tayar da muhawara a kan halaccin 'yan mutum-mutumi, na ce khalas, shi ke nan, na huta, na bar tashar babu mutum ko ɗaya. Doka ɗaya na kafa, kuma kowa ya san ta: kallo da ido, ba a taɓawa. Ko matata in za ta yi shara, a bakin ƙofa take tsayawa.

Ana cikin haka yayata ta fara kira daga gida, tana cewa idon Baba yana ba shi matsala. Da farko gefe-gefe ne ba ya gani, sai ya juya kai gaba ɗaya. An kai shi asibiti an ce hawan jinin ido ne, an ba shi maganin ɗigawa, amma abin sai gaba yake yi. Ta ce tunda aikina ke nan, in kawo shi mana a duba shi. Jama'a, ku ji fa, ni ne mai kai iyayen wasu gaban likitocin ido kusan kowane mako. Na san ciwon nan sarai, na sha juya wa mutane maganar likita cewa ba ya jira. Amma sai na riƙa kawo dalilai. Yau in ce zafi ya yi yawa, tsoho ba zai iya ba. Gobe in ce a bari azumi ya wuce. Jibi in ce likitan da na yarda da shi ya yi tafiya. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce, ɗakin da Baba zai kwana jirgi ya cinye shi, kuma ban gama ba. Ina gaya wa zuciyata wai ai domin shi nake yi, ina so ya zo ya tarar da abu cikakke. Matata ta gano ni. Ta ce mini in ji tsoron Allah, in kwashe kwalayen nan in ɗauko tsohon nan. Na hau ta da faɗa, na ce me ta sani a harkar asibiti.

Sai ranar da yayata ta kira tana kuka, ta ce Baba ya shigo tsakar gida ya gaishe ta kamar baƙuwa, sai da ta yi magana ya gane 'yarsa ce. Nan fa hankalina ya tashi, na shiga gudu da takardu. Da na hango shi a filin jirgi, wani matafiyi riƙe da hannunsa, yana ɗaga ƙafa sama-sama a shimfiɗaɗɗen wuri, sai na ruga na karɓi hannunsa. Washegari muka je wajen likita. Ya daɗe yana haska idon, sannan ya ajiye abin hannunsa ya ce jijiyar ta riga ta mutu, ɗan hasken da ya rage shi za a yi ƙoƙarin riƙewa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya dube ni ya tambaya me ya hana mu zuwa da wuri, ya ce da a bara ne da akwai magana. Baba ya juyo ya ce me likita ya ce. Ni ne tafinta. Na gaya masa rabin farko, rabin ƙarshe na haɗiye shi. Baba ya yi salati, ya ce haka Allah ya so, har yana ba ni haƙuri wai na sha wahala.

Duk wanda ya ji wannan zai ɗauka na koma gida na farfasa kayan nan. Ina! A falo na shimfiɗa wa mahaifina katifa, na ce masa wai ya fi iska. Bayan ya huta kwana biyu ya ce to ina tashar tasa. Na kama hannunsa na ratsa da shi ta 'yar hanyar nan, na tsayar da shi daidai dandamali, na kunna jirgi. Da ya ji ƙarar ƙafafun a kan dogo sai fuskarsa ta washe, ya karkata kunne yana bin jirgin har ya shige rami ya fito. Ya tambaya ko na sa tankin ruwa, na ce na sa. Ya ce ɗakinsa fa, na ce ga shi nan gabansa. Sai ya miƙa hannu a hankali yana lalube. Kafin in yi tunani na cafke wuyan hannunsa da ƙarfi, na ce kada ya taɓa, zai karya. Da tsawa na faɗa, irin yadda ake yi wa yaro ya nufi wuta. Jirgi yana ta zagaye. Baba ya janye hannunsa ya sa a aljihu, ya ce ma'alish, wato ba komai, kalmar da ya tsinta a bakin mai tasi, yana ɗan murmushi. Ya ce in mayar da shi falo, ƙafarsa ta gaji.

Na so in ba shi haƙuri, sai na ce a raina gobe. Goben nan ba ta zo ba, domin ni da zama a gida sai a hankali, kullum ina kan hanya da marasa lafiya. Baba bai sake tambayar tasha ba a gabana. Yana zaune a katifarsa da carbi, in na shigo ya yi mini sannu da aiki. Da aka gama abin da za a iya yi wa idon, ya ce shi fa gida yake so. Na raka shi filin jirgi, ya yi ta sa mini albarka har sai da ma'aikaci ya ce yalla, a wuce.

Bayan tafiyarsa na shiga ɗakin da burushi zan kakkaɓe ƙura, sai na ga rufin ɗakin Baba a karkace, an manna shi da wani gam da ba nawa ba, har ya zubo a bango. Raina ya ɓaci, na ƙwala wa matata kira ina huci. Ta zo ta tsaya, ta bar ni na gama zazzaga, sannan ta ce tunda na tambaya zan ji. Ta ce wata rana da hantsi bayan na fita, Baba ya roƙe ta ta kai shi ɗakin. Ta kai shi. Ya fara daga gada yana bin dogo da yatsa, ya taɓa tanki, ya taɓa sito, yana kiran sunayen abokan aikinsa da suka rasu, yana nuna mata inda kowa yake tsayawa da inda mai ƙosai take ajiye kaskonta. Ta ce tun zuwansa ba ta ji ya yi dariya ba sai ranar. Da ya iso ɗakinsa ya sa yatsa zai buɗe ƙofar, rufin ya ɓalle. Ta ce nan take jikinsa ya ɗauki rawa, ya riƙa cewa 'yata rufa mini asiri, gyara kafin ya dawo, kada ki gaya masa. Ita ta manna shi, shi kuma yana tsaye yana kasa kunne ko zai ji takuna a bene. Daga ranar ko ta ce ya zo su shiga, sai ya ce a'a, a bar wa mai abu abinsa.

Na zauna a ƙasa a wurin. Mutumin da ya goya ni a wuya ya kai ni kallon jirgi na gaske, shi ne yake rawar jiki a gidana saboda kwali. Na kira shi a waya, na gaishe shi, na fara cewa Baba game da ɗakin nan. Shi kuwa ya ɗauka ƙorafi zan yi. Ya riga ni, ya ce in yafe masa, ba da gangan ya yi ba, kuma kada in ga laifin yarinyar nan, shi ya matsa mata. Na fashe da kuka, na gaya masa komai, har da rabin maganar likita da na haɗiye. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Ya ƙara da cewa tashar ta yi kyau, hannunsa ya gani.

A satin na kwance dogon nan kaf, na raba wa masu so, na karɓo gadon daga wurin bawwab na ɗaura. Ɗakin Baba kaɗai na ajiye, da rufinsa a karkace yadda matata ta manna shi. Ba na cewa sha'awar gina irin waɗannan abubuwa laifi ce, ni ne na bar ta ta hau kaina har na fifita tashar kwali a kan mai tashar. 'Yan uwana, musamman mu da ke zaune a ƙasar waje, in an kira daga gida an ce tsoho ko tsohuwa ba lafiya, ku ajiye duk abin da ke hannunku, ba sai kun gama ba, domin irin wannan aiki ba a gama shi. In kuna da abin da kuke so iyayenku su gani, ku nuna musu yau ko da rabi ne, su taɓa, su karya in sun ga dama. Baba yana nan da ransa, alhamdu lillahi, amma ɗan hasken ma ya tafi. Kullum ina roƙonsa ya zo ya huta, ɗaki yana nan a share, an yi shimfiɗa. Sai ya yi dariya ya ce in bar shi a gida, me zai zo ya gani.