Wayar Mama a Hannun Biri

Har yau idan wani ya dafa kafaɗata ta baya a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai na zabura. Sati uku ke nan da dawowarmu, tabon wuyana ya fara dushewa, saura allura ɗaya a asibiti, amma jikina bai yarda mun iso London ba. Mama ta ce in zauna in rubuta ko na samu sauƙi. To ga shi ina rubutawa.

Sai na fara da wayar. Tsohuwa ce, baƙa, gilashinta duk ƙarce, batirinta ba ya kai la'asar. Yayana ya saya wa Mama sabuwa tun bara, ta bar ta cikin kwalinta a saman firji. Mama ba za ta rabu da tsohuwar ba saboda muryar Baba na ciki. Baba direban bas ne, kuma duk lokacin da ya samu hutun cin abinci sai ya aiko mata saƙon murya. Da ya rasu shekara biyu da suka wuce, saƙonnin suka zama abin da take saurare bayan sallar asuba, ɗaya kowace rana, kamar mai shan magani. A lokacin babu su a ko'ina sai cikin wayar nan. Yaya ya ce in kwafe su a kwamfuta, tunda ni ke zaune da ita a flat ɗinmu na Tottenham. Na ce to. Kullum sai in ce gobe, in fake da gajiyar shagon takalman da nake aiki a Stratford. Gaskiyar magana ita ce tun ranar jana'iza ban iya jin muryarsa ba. In Mama ta kunna, banɗaki nake shiga in saki famfo.

Baba mutum ne mai son namun daji. Ran Lahadi in ba ya aiki, yana gaban talabijin da kofin shayi, yana ba zaki shawarar ta inda zai ɓullo wa barewa. Yakan ce, "Hajiya, in na yi ritaya sai na kai ki kurmi kin ga babbar cilakowa da idonki." Bai kai ritaya ba. Shi ya sa Yaya ya yi mana booking zuwa wani tsibiri a Maleshiya, ni da Mama, ya ce can abinci halal ne kuma masallaci ko'ina. Shi aiki ya riƙe shi.

Akwai wata ɗabi'ar Mama da ya kamata a sani. Ba ta iya cin abu wani mai rai na kallonta ba ta gutsura masa ba. Haƙƙin ido take ce masa. Mai kawo wasiƙa ya sha karɓar ƙosai a bakin ƙofarmu. Tattabarun bayan gidanmu sun san ƙarar tagarta, har council, hukumar unguwarmu, suka aiko takarda a kan a daina ciyar da su. Ta sa na karanta mata, ta saurara tsaf, ta ce, "Su council ɗin suna nan lokacin da tsuntsun ke kallona?"

Kuma ba ta tafiya ba guzuri. Kwana biyu kafin mu tashi ta soya gyaɗa mai sikari, ta cika tsohuwar robar askirim, ta naɗe ta cikin zane a ƙasan akwati.

Kwanaki biyun farko sun yi daɗi, kada tsorona ya sa in ci amanarsu. Mun shiga kwalekwale cikin wani rafi da saiwoyin itatuwa suka tsaya a cikinsa kamar ƙafafun mutane. Mun ga gaggafa na saukowa tana ɗaukar kifi, mun ga tsari ƙato yana iyo ba ruwansa da mu. Zafin garin mai laima ne, mayafi na manne wa mutum a wuya, amma Mama ta ce gwiwoyinta sun daina ciwo a karon farko tun da ta bar Kano. Da yammacin rana ta biyu cilakowa ta sauka a kan wata bishiya kusa da masaukinmu, bakinta rawaya kamar ayaba, da wani tudu a samansa. Mama ta ɗaga tsohuwar wayar ta ɗauki hoto, ta ce a hankali, "To Malam, ga ta nan." Na yi kamar ban ji ba.

Rana ta uku muka shiga kurmin sosai. Mu takwas ne, da mai yi mana jagora, wani dattijo siriri mai koriyar riga da doguwar sanda. A bakin hanya ya tsayar da mu ya yi bayani da Turanci, ni kuma ina mayar wa Mama da Hausa. Kada a kalli biri ido cikin ido. Kada a riƙe abu a sake. Kada a fito da abinci, kada a ba su komai, ko da sun roƙa.

"Kin ji ko, Mama?"

"Na ji, Auta. Kurma ce ni?"

"Robar tana ina?"

"Tana inda take."

Inda take shi ne cikin jakarta. Na sani, na kuma ƙyale ta, don ban taɓa cin Mama a gardama ba.

Hanyar ta katako ce, an shimfiɗa ta bisa ƙasa mai danshi. Itatuwan sun yi tsawon da sai ka karya wuya kafin ka ga ƙarshensu, hasken rana na ɗigowa kaɗan-kaɗan, ƙwari na wani irin kuka kamar injin niƙa. Bayan kamar awa ɗaya muka iso wata 'yar gada a kan rafi mai gudu, inda aka ajiye bencina don hutawa. Sauran suka bi jagoran gaba kaɗan kallon wata bishiya. Mama ta zauna tana haki, ta buɗe jaka, ta ɗebo gyaɗa 'yar kaɗan ta jefa a baki.

Sai ga ɗan biri a kan ƙarfen gadar, bai fi tafin hannu biyu ba, kunnuwansa sun fi kansa. Ya zauna ya haɗa hannuwa a ciki yana kallon bakinta.

"Mama, kada ki fara."

"Dube shi fa. Yaro ne."

"An ce kada a ba su."

"Shi mai sandan ba a gabansa ake haɗiyar yawu ba. Ƙwaya uku ce. Ungo wayar, ɗauke mu, babanku zai so wannan."

Na karɓi wayar. Na ɗaga ta da hannu ɗaya, a sake, yadda aka ce kada a yi. Ina ganin ɗan birin a gilashi yana karɓar gyaɗa da 'yan yatsunsa, Mama na murmushin da na daɗe ban gani ba.

Ban ji zuwansa ba. Nauyi kawai na ji ya faɗo mini a kafaɗa, mai ɗumi, mai wari kamar jiƙaƙƙen buhu. Farce ya shiga wuyana ta cikin mayafi. Na juya na ga haƙora dab da idona, dogaye, masu ruwan ɗorawa. Hannuna ya buɗe da kansa. Kafin in ja numfashi babban birin ya yi tsalle ya hau reshen da ya miƙe a kan rafin, wayar Mama a hannunsa.

Mama ba wayar ta fara kallo ba. Ta ja mayafina ta duba wuyana tana salati, ta danna bakin zanenta a kan jinin. Sai da ta tabbata rauni ne na sama sannan ta ɗaga kai. Na ga fuskarta lokacin da ta hango inda yake zaune, da ruwan da ke gudu a ƙarƙashinsa.

"Kin kwafe su ai, ko?"

Na sunkuyar da kai. Ta gane. Ba ta yi faɗa ba, sai ta koma ta zauna a benci kamar an zare mata ƙashi. Da ma ta mare ni.

Jagoran ya dawo da sauri. Ya ce biran nan sun san musaya, in an ba su abinci sukan saki abin da suka ɗauka. Ya jefa ayaba. Birin ya cafe da hannu ɗaya, ya shinshina, ya sake ta cikin rafi. Muka ga yadda ruwan ya tafi da ita. Ya kai wayar baki ya ɗan ciji gefenta. Da jagoran ya matsa kusa, sai birin ya ƙara hawa sama. Dattijon ya ce sun san rigarsa da sandarsa, ba zai sauko ba muddin yana wurin.

Mama ta goge ido ta ce, "Ba ayaba yake so ba, ya ji ƙanshin gyaɗa. Kuma in kun ba shi kaɗan da hannu ɗaya zai karɓa, ya riƙe wayar da ɗayan. A ba shi robar gaba ɗaya, a rufe. Wannan sai da hannu biyu."

Na fassara. Jagoran ya dube ta, ya gyaɗa kai, ya ƙara da cewa sai an kai robar nesa da ruwa, can inda ganye ya taru, don in ya saki wayar ta faɗi a ƙasa. Mama ta yunƙura za ta tashi. Daga katakon zuwa wurin akwai gangare mai santsi, na kuma san gwiwoyinta.

"Kawo," na ce.

"Auta, bar shi. Murya ce kawai. Ke nake da ita."

Na karɓe robar daga hannunta. Taku ashirin ne ko ƙasa da haka, amma ina jin kowanne a cikina har yanzu. Birai sun cika rassan, ina jin motsinsu a bisa kaina. Na kafa idona a kan takalmina ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Na girgiza robar ta yi ƙara, na ajiye, na ja baya taku biyu. Nan na tsaya.

Babban birin ya sauko ba gaggawa, kamar mai gida. Ya zauna gaban robar, ya taɓa ta da hannu ɗaya, ta ƙi ɗaguwa. Ya dubi wayar, ya dubi robar. Sai ya ajiye wayar a kan ganye, a hankali ma, ya rungumi robar da hannu biyu ya juya. Na sunkuya, fuskata ba ta fi kamu ɗaya daga jelarsa ba, na ɗauka. Yadda na koma kan katakon ban sani ba.

Gilashin ya tsage, ga sawun haƙori a gefe. Mama ta danna. Muryar Baba ta fito a tsakiyar kurmin, da ƙarar motoci a bayanta: "Hajiya, hadari ya haɗo ta wajenku, ki kwashe shanya." Babu banɗakin da zan gudu. Na tsaya na ji, na yi kukan da ya sa wata Baturiya cikin 'yan tafiyar ta ba ni ruwanta.

Daga nan asibiti aka kai ni, aka wanke raunin aka fara allurai. Sauran kwanakin ban bar ɗaki ba sai da Mama ta riƙe hannuna.

Ranar da muka sauka, ko akwati ban buɗe ba na zauna a teburin kicin da wayar da kwamfuta. Na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, na saurari kowanne kafin in kwafa, na aika wa Yaya, na zuba a sabuwar wayar da ke saman firji. Ya ɗauke ni kwana biyu. Yawancinsu ba komai ba ne: cunkoso a hanya, a sayo albasa, wani fasinja ya manta lema. Can kusa da ƙarshe na ci karo da wanda ban san da shi ba. Yana tauna wani abu yana magana: "Gyaɗar nan ta yi daɗi, Hajiya. Ki ajiye wa Auta tata, kada ki rabar wa tattabaru duka, na san halinki."

Na kunna wa Mama. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta share ido, ta tashi ta ɗora kasko. Da ta gama suya ta cika kwano ta ajiye a gabana, ta rufe labulen tagar kicin kafin mu fara ci.