Tarin Babur ɗin Malam Jika

A unguwar Dutse Uku ta Jos akwai wani babur da ba a ganinsa a titi sai da damina. Baƙin Honda ne na zamanin da, mai faɗin tanki, wanda in ya taho za ka ji yana gurnani, can sai ya yi wani ɗan tari sau biyu, ya ci gaba da gurnaninsa. Ruwan farko na sauka zai fito, kaka na yi zai ɓace. Baƙi sukan tambaya ko mai shi tsoron rana yake yi. Mai hawansa, Uzairu, ba ya jin haushin tambayar, sai dai in ka yi ta to ka nemi benci ka zauna, don amsar tana da tsawo.

Uzairu gyaran keken ɗinki yake yi a wani ɗan shago a Gangare, kuma tun yana yaro Allah ya ɗora masa son sanin abin da ke cikin abu. Ya kwance rediyon gidansu, ya kwance agogon bango, ya sha duka a kan duka biyun bai daddara ba. Da ya girma sai abin ya koma kan tsofaffin babura. Tun da aka hana acaɓa a Jos, babura suka yi ta kwanciya a zaure da bayan ɗaki, shi kuwa ya zama kamar mai bin gidan suna. In ya ji ƙishin-ƙishin akwai wata tsohuwar Vespa a Jos Jarawa, ko wani Suzuki da kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa a Bukuru, zai rufe shago ya tafi. Yakan saya, ya gyara, ya sayar wa masu sha'awa. Matarsa ta ce tsakar gidanta ta zama kasuwar 'yan gwangwan, shi kuma ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amma duk wannan yawon, babur ɗaya yake nema, kuma rabinsa yana jingine a zauren gidansu.

Mahaifinsu, Malam Jika, malamin awo ne a wani kamfanin kuza. Ya sayi babur ɗin lokacin da kuza ke da daraja, ya kuma riƙe shi har ya bar duniya. Wata shekara ya zame da shi a kan gada, salansa ta lotse, wani abu kuma ya goce a cikin injin, tun daga nan babur ɗin ya kamu da tarin nan. Kanikawa sun so su gyara, Malam ya hana, ya ce da shi iyalinsa ke gane shi. Gaskiya ya faɗa. Tun yana kwanar masallaci matarsa Maimunatu, wadda kowa ke kira Inna, za ta gyara ɗankwali ta sauke tukunya, yaran nan biyu kuma, Musaddiq da ƙanensa Uzairu, su zabura a guje suna rige-rigen buɗe ƙofar zaure.

Da Malam ya rasu aka zo rabon gado, komai ya tafi lami lafiya sai da aka iso kan babur. Malamin da ke rabon ya ce a yi masa kuɗi, ɗaya ya ɗauka ya biya sauran, ko a sayar a raba. Ba wanda ya yarda baƙo ya hau shi. Musaddiq ya ce shi ne babba. Uzairu ya ce shi ke wanke shi tun yana firamare, sannan ya ƙara da maganar da ta ɓata komai.

"Kai da ko tayar da shi ba ka iya ba, Yaya, me za ka yi da shi?"

A gaban mutane ya faɗe ta. Sai Musaddiq ya aika aka kira Raimi, bakaniken Malam, wani Bayarabe da ya girma a Jos, ya ce a kwance babur ɗin a raba kamar naman watanda. Malami ya yi nasiha har ya gaji. Raimi ya kwance yana tsaki. Musaddiq, da yake shi ya fara zaɓa, ya ɗauki inji da salansa. Uzairu ya tashi da firam da tayoyi. Ƙanwarsu Madina aka ba ta tanki, Inna kuma aka miƙa mata fitila da makulli a matsayin tumuninta. Ba a daɗe ba Musaddiq ya koma wajen Bukuru yana noman lambu a bakin wani tsohon kududdufin kuza. Daga nan gaisuwarsu ta koma ta wajen biki da jana'iza, hannu ya taɓa hannu, kowa ya kama gabansa. Uzairu ya sa a ransa cewa wansa ya auna wa 'yan gwangwan injin don ya ƙuntata masa, bai kuma taɓa tambaya ba.

Inna ba ta shiga tsakani ba, kuma ba don ba ta damu ba. Musaddiq ɗan fari ne, ita kuwa mace ce ta da, mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta matsu sai ta ce "yayanku" ko "wancan". Ba ta roƙonsa komai, ba ta yi masa faɗa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Haka aka yi ta tafiya har idanunta suka yi yana, ƙafa ta yi nauyi, kunne kaɗai ya rage mata garau.

Wata safiya Uzairu ya shiga gaishe ta, ya tarar ta kwance ƙullin wani tsohon zane, fitilar babur ɗin na kan cinyarta tana shafawa.

"Uzairu," ta ce, "fuskar mahaifinku ta fara ɓace mini. Da zan ƙara jin ƙarar nan ko sau ɗaya kafin in bi shi, ina jin za ta dawo."

Maganar ta soki zuciyarsa, don Inna ba mai roƙo ba ce. Ya karɓi fitilar da makullin, ya kuma san cewa ba shi da lokaci mai yawa.

Tanki bai ba shi wahala ba. Madina na gidan mijinta a Jos Jarawa, kuma shekara da shekaru a cikin tankin take ajiye kananzir ɗin da take sayarwa, tana buɗe ɗan famfonsa tana tsiyaya wa masu saye a kwalba. Ta yi masa tsiya son ranta, ta ce sai ya kawo mata jarka sabuwa mai murfi ja, sannan ta ba shi. Sirdi ya samo a Dilimi, wajen masu kayan gyara, a ƙarƙashin tulin tsofaffin sarƙoƙi. Madubi ɗaya a jikin wani amalanke ya gan shi, ya bi mai amalanken har gida. Abin da ya fi ba shi mamaki a wannan yawo shi ne yadda babur ba ya mutuwa gaba ɗaya. Ya ga garen taya ya zama ƙararrawar makaranta, ya ga kan babur ya zama maratayin guga a bakin rijiya. Kowane ya tsaya ya tambayi yadda aka yi, har yakan manta abin da ya kawo shi.

Inji ne ya gagara, sai da wani dattijo mai suna Dung, tsohon direban kamfanin kuza, ya buɗe masa rumbunsa a wani ƙauye. Ga babur irin na Malam sak, tsatsa ta cinye jikin amma injin lafiya lau. Dung ya ce 'ya'yansa ba su san darajarsa ba, gara ya tafi inda za a ji muryarsa. Suka daidaita, ya haɗa masa da buhun dankali.

Raimi ya tsufa, amma ya ce shi ya kwance, shi zai ɗaura. Suka yi ta fama a zaure, wanke kafireto, sauya fulogi, goge tsatsa. Ranar da aka gama, aka fito da Inna tsakar gida aka zaunar da ita a kan tabarma. Uzairu ya murɗa makulli ya buga kik. Injin ya tashi sumul, ba gargada, maƙwabta suka leƙo suna sa albarka.

Inna ta karkata kai ta saurara. Ta daɗe tana sauraro, sannan ta ce, "Sannunku da aiki. Baƙo ne muka yi?"

"Na Malam ne, Inna."

"A'a. Wannan lafiyarsa ƙalau. Kama da wane ba wane ba ne."

Raimi ya ja Uzairu gefe. "Oga, inji ɗaya ne, kamfani ɗaya ne. Mama ya tsufa, kunne ya gaji. Ka bar shi haka."

Uzairu ya so ya yarda, amma shi ma kunnensa ya gaya masa. Suka lotsa salansa da guduma, suka rage iska, suka ƙara mai. Babur ya yi atishawa, ya yi kakari, ya yi duk wani kukan da inji ya iya, ban da tarin Malam. A ƙarshe Inna ta ce a mayar da ita ɗaki, ta ƙara da cewa, kamar ba da kowa take ba, "Wancan dai ba ya yar da abu."

Sai da ya yi kwanaki yana juya maganar. Zuwa wajen Musaddiq ya fi masa wuya a kan yawon duk ƙauyukan Filato, don ya san abin da bakinsa ya faɗa. Amma zumunta a ƙafa take, kuma Inna ta fara barin abinci. Ya hau babur ɗin da injin Dung ya nufi Bukuru da hantsi.

Hanyar lambun siririya ce, sai ya kafe babur ɗin a gindin wani dutse ya taka. Rani ne, ko'ina ya bushe, sai can ƙasa kabeji da karas da latas sun yi kore shar a bakin ruwa. Bai kai ga ganin kowa ba ya ji gurnani, sannan tari sau biyu. Ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Mutum ne mai furfura, amma sai da ya waiwaya yana neman ƙofar da zai buɗe.

Injin na zaune a kan wani katako, an haɗa shi da famfo da bel, tiyo na ɗauko ruwa daga kududdufi yana watsa wa kunyoyin lambun. Ga lotsattsiyar salansar nan, an yi mata rumfar kwano don rana. Ko ɗigon baƙin mai babu a jikinsa. Musaddiq na tsugune a gefe da tsumma a hannu.

Suka gaisa, suka tambayi iyali. Uzairu ya zo da maganar ciniki a bakinsa, amma sai son sani ya riga ta fitowa. Ya tsuguna yana leƙen yadda aka ɗaura bel ɗin.

"Wa ya haɗa maka wannan, Yaya?"

"Ni. Na koyi tayar da shi." Musaddiq bai ɗago ba. "An sha kawo mini injin ban-ruwa na zamani, mai shan mai kaɗan. Sai in ga in na sa shi, wa zai riƙa yi mini tari da safe?"

Kunya ta rufe Uzairu har ya rasa inda zai sa ido. Ya ce, "Na yi maka rashin kunya ranar nan. Ka yafe mini." Musaddiq ya ce komai ya wuce, ya miƙa masa tsumman ya riƙe. Sannan Uzairu ya gaya masa abin da Inna ta roƙa.

Musaddiq ya dubi lambun. In aka cire injin ko na mako guda, kabejin ya tafi, abincin gidansa na shekara ke nan. Duk da haka ya miƙe ya ɗauko sifana. Uzairu ya riƙe masa hannu.

"Bar shi inda yake. Ita za mu kawo."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci suka ɗauko ta a Keke mai ƙafa uku, Madina na tallafe da ita. Inda hanya ta ƙare, 'ya'yan nata maza suka ɗauke ta a kan kujera har bakin ruwa. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Musaddiq ya taka kik ɗin, injin ya yi gurnani, ya yi tarinsa.

Hannun Inna ya tafi kan ɗankwalinta ya gyara shi. Ita kanta ba ta san ta yi ba. Hawaye na bin kumatunta, tana ɗan murmushi.

"Ga shi nan," ta ce. "Har da hular nan tasa da ta karkace."

Ruwa ya yi ta gudu cikin kabeji. Can ta tambaya wa ya riƙe injin haka duk shekarun nan. Madina ta ce Yaya ne. Inna ta miƙa hannu tana lalube har ta kama nasa, mai laka da baƙin mai.

"Allah ya yi maka albarka, Musaddiq."

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce bari ya je ya duba tiyo, ya kuwa daɗe bai dawo ba.

Inna ba ta ga damina ba. Bayan an yi addu'ar arba'in, ruwan farko ya sauka, sai ga Musaddiq a ƙofar zaure da injin a bayan Keke. Ya ce yanzu sama ta karɓi aikin ban-ruwa, a ɗaura wa babur abinsa, in kaka ta yi a mayar masa. Haka suke yi har yau. Uzairu ya ajiye injin Dung a ƙarƙashin benci, ya ce ko ba komai baƙo ne mai mutunci.

Ranar da aka fara fito da babur ɗin, Musaddiq ne ya hau ya zaga unguwa. Uzairu na tsakar gida ya ji tarin daga kwanar masallaci, ya tashi da sauri ya buɗe masa ƙofa.