Ranar da Na Durƙusa wa Waya a Riyad

Akwai abin da ya faru da ni a Riyad wanda ko tsufa bai isa ya goge mini shi ba.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin shirya wasanni a unguwar Murabba, ina ɗaukar kaya da jera fitilu. Da mudir, wato shugabanmu, ya gano ina taɓa ganga tun ina Maraɗi, sai ya sa ni cikin wani wasan dandamali na kaɗe-kaɗen ƙasashe. Aka haɗa ni da wani mai sarewa ɗan Gwatamala, daga ƙabilar Maya. Ni da kullum nake bayan labule, ga shi zan fito gaban jama'a. Har 'yan gida na buga wa waya na yi musu albishir.

Ana saura 'yan kwanaki, mutumin ya ajiye sarewa ya ce akwai matsala. Waƙar da mudir ya zaɓa ba tasa ba ce, ta garinsu ce, sai dattijon da ke riƙe da ita ya yarda. Mudir ya ce ai hukuma ta ba da izini, me kuma ya rage? Ganin mutumin ya kafe, mudir ya ce in ba a samu yardar ba, a cire mu gaba ɗaya.

Bayan la'asar, lokacin can Gwatamala gari ya waye, muka kira dattijon ta bidiyo. Wani tsoho ya bayyana da malfa, ga masara rataye a bayansa, kaji sai kai-komo suke. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na durƙusa ba, kamar ina gaban kakana. Mudir ya fashe da dariya. Tsohon ya tambaya ko wani abu ne ya faɗi mini. Da aka ce masa gaisuwarmu ke nan, sai ya cire malfarsa.

Ya ce mu kaɗa ya ji. Ba mu yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Ya ce wa ya biyo ka?" in ji mai sarewa. "Waƙar shuka ce, mai shuka ba ya gudu."

Na sassauta hannu har tsohon ya fara gyaɗa kai. Ya yarda, amma bisa sharaɗi: a ambaci garinsu kafin a fara, kuma a bar ɓangaren ƙarshe, don na mamatansu ne. Wannan ɓangaren kuwa shi mudir ya fi so. Mudir ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Tayyib, shi ke nan. Nasu ne."

Ranar wasa hannuna bai yi gudu ba.

A da na ɗauka duk waƙar da ta shiga kunnena ta zama tawa. Tun daga ranar na gane kowace waƙa tana da mutanenta, kuma in ka yi musu sallama, har yadda ake kaɗa ta za su koya maka.