Gaisuwar da Na Yanke

Ni mutum ne marar zama. Ko shayi a tsaye nake shan sa, har mai shayin bakin tasha ya gaji ya daina nuna mini benci. Da wannan halin na buɗe shagon ɗaukar bidiyo a Talata Mafara, ɗan ɗaki guda a gefen kasuwa: kyamara ɗaya, kwamfuta ɗaya mai kuka kamar injin markaɗe, sai sola a kan rufi. Biki ne, suna ne, walimar saukar karatu ce, duk wanda ya kira ni, kafin ya ajiye waya na hau babur.

Sana'ar nan da wahala ta koyar da ni. Batir biyu nake ɗauka tun ranar da guda ya mutu mini ana tsakiyar ɗaurin aure, na tsaya ina nuna wa liman kyamara a kashe don kunya. Nakan je gidan taro tun ana gobe in duba ta inda rana za ta faɗo, don kada in ɗauko manyan mutane baƙi ƙirin ba a gane fuska. Abin ɗaukar murya kuwa kusa da bakin mai addu'a, nesa da janareta. Talla ma na gane ba allon ƙofar shago ke yin ta ba. Masu tura wa mutane finafinai a waya su ne 'yan tallana. In ba su guntun aikina na minti ɗaya da tambarin shago a ƙarshe, su zuba wa duk wanda ya kawo caji. Amma sai na nemi izinin mai taro tukuna, kuma fuskar matar aure ba ta shiga talla ko da wasa. Wanda ya yi wannan gangancin sau ɗaya a garin nan, ya nemi mai sayen kyamararsa kawai.

To guntayen nan su suka ɓata ni. Na ga gajere ne ke yawo a wayoyi, sai na ɗauka gajartawa ita ce gwaninta. In na zauna tace aiki, ba abin da ke ci mini rai kamar gaisuwa. Kai, mutanenmu! In aka durƙusa, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina ruwa, ina ƙoƙari, sai ka ce an gama, a sake komawa farko. Ina kallo ƙafata na rawa a ƙarƙashin tebur. Sai in datse ta gaba ɗaya, in ɗora waƙar yabo a wurin, in ce na gyara.

Wata ranar kasuwa wani Alhaji mai sayen shinkafa daga Bakura ya shigo shagona. An yi masa haihuwa ta uku, yana son a ɗauki raɗin suna. Har na fara haɗa jaka, ya riƙe hannun rigata.

"Tsaya ka ji, Malam. Aikin ga ba don ni ba ne, maijego ce ta matsa. Mahaifinta zai taho daga Damaga. Ita ce 'yar farinsa, ka kuwa san tsofaffinmu: ba ya kiran sunanta, ba zai shiga ciki ya gan ta ba. A zaure zai tsaya, a yi addu'a, ya juya tun da hantsi saboda hanya. An daɗe ƙwarai rabonta da shi. Abin da ka ɗauko mata, shi ne kaɗai rabonta."

Na ce, "An gama, Alhaji." Wallahi ƙafata ɗaya tana waje na faɗa.

Ranar suna na isa Bakura da sassafe. Tsohon ya iso a motar farko, dogo ne siriri, da farar riga da ta sha wanki, da sanda. Alhaji ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa, aka fara. An gaida shinkafa, an gaida damina, an gaida mahaifiyar Alhaji, an gaida maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har shanun huɗa sai da aka tambayi lafiyarsu. Kyamara tana ɗauka, ni kuwa hankalina yana Maradun, inda nake da biki da azahar. Ina duba batir, ina duba agogo, ina cewa a raina, haba Baba, a taimaka. Can a ƙarshe, bayan kowa ya ɗauka an gama, sai tsohon ya sauke murya, ya zuba wa sandarsa ido, ya faɗi wata 'yar gajeriyar magana. Alhaji ya ƙara sunkuyar da kai. Na ji da rabin kunne, na juya wajen masu rabon goro.

Da na zo tacewa, na datse gaisuwar tun daga tushe. Na bar fuskar tsohon ya ɗaga hannu yana addu'a, na rage mata gudu, na ɗora waƙa mai sanyi. Ya yi kyau, ban ƙi a faɗa ba. Sai ga kira daga garin Kaya, walima, kuma katin kyamara ya cika, kwamfuta ma ta cika. Ban yi wata-wata ba na goge ɗanyen aikin Bakura duka, wato ainihin ɗaukan da ban tace ba, na kama hanya. Yanzu ko wuƙa aka sa mini ba na goge ɗanyen aiki sai mai shi ya kalla da idonsa ya ce ya gamsu, kuma wuri biyu nake ajiye shi. A lokacin ban san haka ba, ko kuma na sani saurina ya fi ƙarfina.

Kwana ɗaya da kai aiki, Alhaji ya kira ni. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Malam, ina gaisuwar Baba?"

Na ce ai na gyara ne, don kada mai kallo ya gaji.

"Wane mai kallo? Mai kallon guda ce! Na faɗa mata Baba ya tambaye ta da bakinsa. Tun da take ba ta taɓa jin haka ba. Tun jiya take mayar da abin baya tana jiran wurin."

Na ce zan duba, alhali na san babu abin dubawa. Duk da haka na zari katin na kai wa mai gyaran waya, daga shi na wuce wurin wani da aka ce ya iya dawo da abin da aka goge. Ya sa a kwamfutarsa, muka zauna, na tashi, na zauna, na fita na dawo. Walimar Kaya ta hau kai ta danne komai. Kwana uku ban iya taɓa wani aiki ba. In buɗe shago in rufe, in zagaya kasuwa ba abin da zan saya. Haushin kaina nake ji, irin wanda ba ka da wanda za ka huce a kansa.

Rana ta huɗu na ce ai tsohon yana raye, me zai hana in je in sake ɗaukowa? Na jira ranar da motoci ke tafiya tare saboda rashin tsaron hanya, na bi su Damaga. Na same shi a gindin bishiya ƙofar gida yana tufka igiya. Na durƙusa. Ranar ce karon farko da na yi gaisuwa tun daga kanta har wutsiyarta ban katse ba, gwiwoyina har zugi suke. Sannan na kafa kyamara, na yi masa bayani, na ce, "Baba, ka yi wa ɗiyarka magana, ko 'yar kaɗan ce."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe hula a tsakiyar kasuwa.

"Wace magana, ɗana? Lahiya take ko?"

"Lafiya lau, Baba."

"To madalla. Ka gaida mutanen gidan."

Ya ci gaba da igiyarsa. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi jariri, na tambayi kamanni, ko zai zame ya faɗa. Ina! Sai dai da zan tafi ya sa aka ƙullo kuka da daddawa da ƙwan zabi, ya ce in kai wa yara. A mota na fahimci abin da na yi. Wancan karon doguwar gaisuwar ce ta tausasa shi, har maganar ta kuɓuce masa a ƙarshe ba da shiri ba. Ba abu ne da ake ce wa mutum sake ba.

Na wuce Bakura kai tsaye da ƙullin a hannu. Muka zauna a zaure ni da Alhaji, aka miƙa wayata da sabon ɗaukan cikin gida. Ina jin muryar tsohon tana fitowa daga ciki, ka gaida mutanen gidan, sannan ɗaukan ya ƙare. Can sai labulen ƙofar ciki ya motsa, na ga gefen hijabin maijego. Na sunkuyar da kai. Ta gaishe ni, ta yi mini ban gajiyar hanya, ta yi godiyar ƙwai. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Malam mai hoto," ta ce, "Alhaji ba ya iya kwaikwayon surukinai, kunya yaka ji. Kai kana kusa ranar. Mi Baba yac ce?"

Na rufe ido na lalubo abin da rabin kunnen nan ya kama. Alhamdulillahi yana nan.

"Cewa ya yi, 'Ita waccan, tana dai cin abinci ko?'"

Jaririn ya yi ɗan kuka a bayanta, ta jijjiga shi.

"Sake faɗi."

Na sake. Ta ce in ƙara, na ƙara. Alhaji ya kawar da kai yana kallon bango. Na ji ta ja numfashi.

"Maganar tashi ce, na gane ta. Amma Baba ba ya sauri haka. Don Allah faɗa min a hankali."

Na cire agogona na sa a aljihu, na gyara zama don in faɗa a hankali. Ta tsaya a bayan labulen tana jira.