Namadi da Ƴar Karyar Sista

Namadi taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara ba mu san wata gaisuwa ba sai tsiya. Ni a Jabo na tashi, gidan manoma, daga baya na dawo Tambuwal ina kabu-kabu har gwiwoyina suka fara kuka. Shi kuwa a ruga aka haife shi, can bayan Kebbe, ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana bin wutsiyar shanu. In ana maganar sanin dabba, a ba shi kayansa. Namadi zai hangi karsana daga nesa ya ce maka jibi za ta nemi bijimi, kuma jibin ta nema.

Shanun sun tafi yadda na mutane da yawa suka tafi a ƙasarmu. Ciwo ya ɗebi rabonsa, ɓarayi suka kore sauran da hantsi, ido na ganin ido. Ba ya son labarin, ni ma ba zan ja shi ba. Ya shigo Tambuwal da sanda da tabarma da matarsa Batula, wadda ba ta cika shekara biyu a gari ba Allah ya yi mata rasuwa. Ni na samo masa gadi a gidan wata ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Jos, da kowa ke kira Sista. Mutumin da ya saba tafiyar kwana goma a ƙasa, sai ga shi a kan benci daga safe zuwa yamma, ya buɗe ƙofa ya rufe ƙofa. Ya rame, ya yi sanyi. In na tsokane shi sai ya ce, "Atu, bar ni, na gaji."

Ana nan sai Sista ta dawo daga hutu da wata aba a cikin kwali. Fara fat, gashi ya rufe mata ido, nauyinta bai kai na zakara ba. Namadi ya leƙa ya ce, "Sista, wagga mussa ce ko zomo?" Ta yi dariya ta ce karya ce, kuma irinsu ba sa wuce haka ko sun tsufa. Ya yi tsaki. A wurinsa kare shi ne wanda zai kori kura daga garke, wannan kuwa ko kaza ta ware mata fukafuki sai ta ruga ƙarƙashin mota.

Wata guda ya yi yana ɗaga butarsa sama don kada ta lasa. Ita kuwa ba ruwanta, duk inda ya sa ƙafa tana nan. Ban san ranar da aka yi sulhu ba. Na dai zo wata rana na iske shi ya ɗora ta a kan buhu yana cire mata ƙarangiya daga gashi ɗaya bayan ɗaya, yana mata magana da Fillanci. Sista tana da wani suna na Turanci da take kiranta da shi, shi kuwa Fure ya raɗa mata, kuma Furen ta fi amsawa. Masu shayin bakin titi suka samu abin yi. In ya zo wucewa sai su ce, "Ardo, ina garke?" Ni na fi su ma, don ni ke da lasisin tsokanar taubashi. Amma gaskiya ɗaya ce, tun zuwan abar nan taubashina ya koma cin tuwo ya cinye.

Fure na da wata bakwai aka tura Sista kwas Kaduna na wata uku. Ranar tafiya ta tsaya a bakin mota ta ce, "Baba, amana ce na bar maka. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka kira ni." Ya ce to. Inda gizo ke saƙa, babu abin da Namadi zai gani a jikin dabba ya yarda bai gane ba.

Ba a yi sati biyu ba Fure ta sauya. Ta rage ci, ta kasa zama wuri ɗaya, fitsari kaɗan-kaɗan a kowane lungu, bayanta ya kumbura tana ta lasa. Karnukan unguwa suka fara zarya a bakin ƙofa. Namadi ya gane nan take, har da murmushi, irin na wanda aka yi masa tambaya a fagen da ya fi ƙarfi. Ya kulle ta a ɗakin ajiya kwana uku, yana kai mata ruwa da abinci. Rana ta huɗu ya ga ɗigon jini a kan siminti, sai ya buɗe mata.

Na ce masa, "Namadi, jini fa. Kira matar nan."

"In kira ta in ce mi? Atu, kai mi ka sani in ba tayar babur ba? Karsana in tana biɗar bijimi, yini guda ne da kwana. In ta gama, bayan kwana biyu sai ka ga ɗan jini ga wutsiya. Jinin ga shi ne shaidar abin ya wuce. Ai an gama."

Ba zan yi wa kaina ado ba, na yarda. Wa zai ja da Namadi a kan dabba? Sai dai karnukan nan ba su ji wannan karatu ba. Kullum ƙaruwa suke, har da waɗanda ban taɓa gani a unguwar ba, sun kwanta a inuwar katanga kamar masu jiran rabon taki. Na ce masa in ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Sai ya ja ni bakin ƙofa ya nuna mini. Wani baƙin kare ya zuro hanci ta ƙarƙashi, Fure ta yi kansa da haushi har da cizo.

"Ka gani? Korar su takai. Wadda ke so ba ta kora."

Haka aka yi kwana takwas ko tara. Duk da haka bai bar ta ta fita waje ba, don ya ce ba ya son su tattake ta. Jinin ya yi ta dusashewa har ya koma kamar ruwan wankin nama, ya kusa ɗaukewa. Fure kuwa ta koma zaman bakin ƙofa tana kuka siriri mai shiga rai. Ranar Juma'a tausayi ya ci ƙarfinsa. Shi ya san zaman waƙafi, shekara huɗu yana yin sa. Ya kori karnukan da sanda, ya buɗe ƙaramar ƙofa ya bar ta ta kwanta a waje a gindin dogon yaro yadda ta saba a da, ya hau bayana a babur muka tafi masallaci.

Da muka dawo, tun daga kwana muka hangi taro. Wani jan kare ne na mafarauta, dogo, ya kai bunsuru tsayi. Sun riga sun liƙe shi da Fure, ya juya baya, ita kuwa ƙafafunta ko ƙasa ba sa taɓawa, tana reto tana ihu. Yara sun ɗebo duwatsu, wani ya taho da bokitin ruwa. Namadi ya diro tun ban tsaya ba. Ya daka tsawar da ban ji irinta daga bakinsa ba tun yana da shanu, kowa ya ja baya. Wannan kam ya sani, in aka raba su da ƙarfi yaga ta za a yi. Sai ya durƙusa a cikin ƙasa da farar rigarsa ta Juma'a, ya tallabe ta da hannu biyu don kada nauyinta ya ja ta, ya sa gwiwa ya tare jan karen kada ya gudu da ita.

Kusan rabin awa yana durƙushe a haka, rana na dukan ƙeyarsa, mutane na dawowa daga masallaci suna wucewa. Wasu suka kau da kai, wasu suka yi dariya a fili. Ni da ke da bakin tsiya na tsaya riƙe da babur, kunya da tausayi sun hana ni motsi. Da suka rabu ya ɗauke ta ya shiga gida, ya wanke hannu, ya sake riga.

Wata guda ya yi yana fatan abin bai kama ba. Sista na kira yana ce mata lafiya lau. Sannan nonuwan Fure suka fara tasowa, ta fara amai da safe. Ya zo ya same ni a tasha ya ce, "Atu, kai ni Kebbe, wurin Malam Mu'awiya." Wannan shi ne malamin dabbobin da ya yi shekaru yana yi wa shanunsa allura. Na ce ai akwai malaman dabbobi a nan Tambuwal. Ya ce na nan sun riga sun ji labari, ba ya iya haɗa ido da su.

Muka kama hanya da safe, kwali a tsakaninmu, ya huda masa ramukan iska. Hanyar ta gaji, babur ya gaji, mu ma haka. Da muka fara wuce wuraren da ya yi kiwo sai na ji ya sunkuyar da kai a bayana, ni ma ban nuna masa komai ba.

Malam Mu'awiya ya yi murnar ganinsa, har sai da aka buɗe kwalin. Ya ɗora ta a kan tebur ya lallatsa cikin a hankali, ya ce a ba shi labari daga farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Namadi ya faɗi komai, har da karatun karsana. Malam ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido.

"Namadi, abin da ka faɗi ga saniya gaskiya ne. Amma karya baibai take da saniya. Ita jini shi ka farawa. Sati guda ko fi tana jini tana korar maza. Sa'ad da jinin ya dusashe, to sannan ne take karɓa. Sati ukku cur akan rufe ta, ba kwana ukku ba. Ƙananan ga kuma da wuri sukan fara, tun ba su gama girma ba."

Na ga Namadi yana lissafi da yatsu a kan gwiwarsa. Ya rufe ta lokacin da babu abin tsoro, ya buɗe mata a ranar da ta fi kowace rana. Ya kai ƙarshen lissafin ya bar hannun a buɗe.

Malam ya ce cikin kare wata biyu ne, saura wata guda ke nan. Ya ce yana jin ɗiya uku a ciki, kuma in sun ɗauko girman ubansu, ƙugun nan ba zai fitar da ko ɗaya ba. A kai ta asibitin dabbobi a Sakkwato cikin satin nan, a yi mata aiki a cire mahaifar gaba ɗaya.

"A cire mahaifa?" in ji Namadi. "Ga mace? Haihuwar fari?" A duniyar da ya fito, ana dandaƙe namiji, amma ba wanda ke taɓa mace, don ita ce garke.

"Ko mahaifa ko rai, zaɓi guda. Kuma ba kai ka zaɓe ba, mai ita za a kira."

A waje na ja shi gefe. Na ce ya gaya wa Sista ta ƙarƙashin ƙofa ta sulale, wa zai ƙaryata? Tsoro nake ji kada ya rasa aikin, don ban san inda zan kai shi ba. Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ce in latsa masa lambar. Da ta ɗauka ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Sista, Fure na da ciki. Ni na buɗe mata ƙofa da hannuna. Kin ce in kira ki, ban kira ba. Na aza na sani."

Daga inda nake ina jin muryarta. Ta yi kuka, ta yi faɗa da Hausa da Turanci, shi kuwa yana tsaye yana cewa, "Haka ne. Haka ne." A ƙarshe ta ce a kai ta Sakkwato gobe, za ta yi magana da likitan da kanta. Ba ta ce ta kore shi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba.

Direba biyu suka ƙi ɗaukar mu saboda kare, na uku ya ce mu zauna can baya. An yi aikin da azahar. Likitan, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƴar autata ba, ta fito ta ce an dace, da an ƙara sati biyu da labarin ya sha bamban. Ta miƙo Fure a naɗe cikin tawul, an aske cikin, ga ɗinki ya kai tsawon yatsa. Ta ba mu magunguna da takarda mai bayanin yadda za a kula da ita.

Da yamma muka iso gida. Na juya babur ɗin da na bari a gidan zan tafi sai ya riƙo rigata ya miƙo mini takardar, don shi bai yi boko ba. Na karanta masa. Magani safe da yamma bayan ta ci abinci. Kada ta lashi ɗinkin. Kada ruwa ya taɓa wurin har kwana goma. Kada ta yi tsalle. In wurin ya yi ja ko ya yi wari, a dawo da ita. Yana maimaita kowane layi a bayana, a hankali, Fure na barci a kan cinyarsa.

Tsiya ta zo mini har bakin leɓe, irin wadda na saba yi masa shekara hamsin. Na dubi furfurarsa na haɗiye ta. Na ninke takardar zan ba shi, ya girgiza kai.

"Sake karanta min, Atu. Tun daga farko. Kada in ƙara da sanina."