Zakarun da Ke Damtsen Koci

Koci ya tsufa yana koyar da kokawa a wani zaure mai rufin kwano a bayan tashar mota, kuma bai taɓa fitar da zakara ko ɗaya ba. Aikin kam ya iya shi, tausayi ne ya yi masa yawa. Yakan fara atisaye kamar zai tsaga ƙasa, da ya ga ɗalibi ya soma haki sai ya ce, "Ya isa, je ka huta." Ɗalibansa na ƙaunarsa ƙwarai, kuma ko'ina suka je sai an kayar da su.

Abin da ya samu a katifar kokawa shi ne makero, zobe-zoben ƙaiƙayi a damatsansa. Shi ma irin horon da ya yi masa ke nan. Yakan sayo man shafawa, ya shafa kwana biyu, ƙaiƙayi na lafawa ya ce ya isa, ya jefa ragowar a aljihun tebur. Matarsa takan ce aljihun nan ya fi kemis ɗin bakin layi kaya.

Ana nan sai 'yarsa Auta, wadda ke aiki a ɗakin gwajin asibiti, ta haifi mace, ta dawo gida wankan jego. Koci ya shigo da hannu biyu a miƙe, baki har kunne. Auta ta janye jaririyar.

"Baba, ba da wannan hannun ba."

Ta kankare ɗan ɓawon fatar ta aika wa abokan aikinta. Da sakamako ya fito ta zaunar da shi a falo.

"Baba, abin nan mai rai ne, ɗan'uwan funfunar burodi. Magani kuwa kamu ɗaya ya iya, wuri guda yake cafkewa a jikinsa. To a cikin dubbai, akan samu ɗaya da ƙwayar halittarsa ta ɗan sauya, wurin kamun ya yi santsi. Duk sanda ka shafa ka bari, ragwayen su mutu, mai santsin ya tsira ya hayayyafa, 'ya'yansa su gaji santsin."

Koci ya kalli damtsensa.

"Wato ni na sallami ragwaye na bar gwanaye?"

"Haka ne, Baba."

"Magani nawa suka kayar?"

"Duk na aljihun teburinka."

Sai ga ƙwalla a idon Koci. Auta ta ɗauka tsoro ne, ta fara lallashi. Ina! Mutumin nan daɗi ne ya kama shi. Washegari ya naɗe hannun riga ya nufi tasha, yana nuna wa direbobi zakarunsa ɗaya bayan ɗaya, su kuwa suna ja da baya. Ƙwayoyin maganin da likita ya rubuta masa ya ƙi ko duban su.

"Mutum ya kashe ɗalibansa da hannunsa?" in ji shi.

Matarsa ta ware masa tawul da zanin gado, ta mayar da shi doguwar kujerar falo. Jika kuwa tana ta girma a hannun kowa ban da shi. Daga bakin ƙofa yake leƙenta, yana murguɗa baki ko za ta kula shi.

Ran nan mai gyaran famfo ya zo, ya gama aiki, ya wanke hannu, aka ba shi yarinyar ya ɗan riƙe. Ta kama gemunsa ta ƙyalƙyale, dariyarta ta farko a duniya. Koci yana tsaye da tawul ɗinsa a kafaɗa. Kishi da baƙin ciki suka hana shi cin abinci.

Ya kira Auta ya ce zai sha maganin, amma da sharaɗi: a ajiye masa kaɗan daga cikin zakarun a firjin ɗakin gwaji, kada zuri'a ta ƙare. Ta ce ai tuni abokan aikinta suka ajiye, don ba su taɓa ganin irinsu ba. Wannan magana ta yi masa daɗi fiye da kofin gasa.

Sabon maganin wani kamu ne daban, kuma sai an daɗe ana sha. Ƙaiƙayi na lafawa Koci ya ce, "To, ya isa."

Auta ta tsaya a kansa da kofin ruwa. "Bai isa ba, Baba. Haɗiye."

"Ke wa kika gado a rashin tausayi?"

"Ba kai ba dai," matarsa ta amsa daga kicin.

Haka aka yi ta fama har fata ta washe, gwaji ya nuna ba sauran kowa. A iya saninsa, wannan ne abu na farko da ya taɓa kaiwa ƙarshe. Auta ta ɗora masa yarinyar a damtse. Ta yi nauyi, har ta fara zama, duk ƙuruciyar da ta wuce ba a hannunsa ta wuce ba. Ta damƙi babban yatsansa ta ƙi saki.

"Kamu mai kyau," ya ce a hankali.

Ya yi ta zagaya falo da ita har ya soma haki, numfashinsa na fita sama-sama. Auta ta miƙo hannu.

"Baba, ka gaji. Ya isa, kawo ta."

Koci ya juya mata baya, ya gyara wa jikarsa zama.

"Bai isa ba," ya ce.