Inna Mai Ludayi da Acici

Duk wanda ya yi firamaren da ke bayan tashar motar unguwarmu ya san mahaifiyata, ko da bai san sunanta ba. Inna Mai Ludayi suke ce mata. Ita ce a bayan tukunya a ɗakin cin abincin makarantar tun ina goye har ta yi furfura, kuma abin da take tinƙaho da shi guda ne: ba ta taɓa korar yaron da ya dawo neman ƙari ba. Shugabar makaranta ta yi faɗa har ta gaji. Inna sai ta ce to, washegari ta ƙara cika ludayi. Har yau masu gemu kan tsayar da mota su gaishe ta, ita kuwa ba ta tuna suna, sai dai ta ce, "Kai ne ba ka cin albasa."

To, wannan matar 'yata ta ga dama ta bai wa ajiyar zomo.

'Yar tawa, Auta muke ce mata duk da ita kaɗai muka haifa, ta samu karatun aikin jinya a wani gari mai nisa, kuma ɗakin ɗalibai ba a shiga da dabba. Ni da babanta tun safe muke fita. Inna kuwa tun rasuwar Baba take zaune ita kaɗai, ga ɗan tsakar gida. Auta ta ajiye kejin a falo ta durƙusa gabanta.

"Kaka, amana ce. Busasshiyar ciyawa, ɗan ganye, sai cokali ɗaya na abincinsa na buhu. Ban da wannan kar ki ba shi komai."

"Ke tafi can," in ji Inna. "Ni za ki koya wa ciyar da baki? Uwarki wa ya ciyar da ita?"

Zomon fari ne mai baƙin kunne ɗaya. Auta tana da wani suna na shagwaɓa da take kiransa, amma mako bai zagayo ba Inna ta raɗa masa Acici, kuma wallahi ya ci sunan. Da ya ji ƙarar buɗe firij sai ka gan shi tsaye da ƙafa biyu, hanci na rawa, ido ya yi narai-narai kamar wanda ya kwana bai ci ba. In an yi banza da shi sai ya ɗauki kwanonsa da haƙori ya yi jifa da shi. Ya ci wayar rediyo, ya ci gefen labule, ya ci rabin silifas ɗina ina zaune ina shan shayi.

Inna ba ta iya tauna abu wani baki yana kallonta ba. Ta ci burodi, ya ci burodi. Ta ɓare ayaba, rabi nasa ne. Biskit, shinkafa, har ɓawon kek da maƙwabciya ta aiko. Ciyawar nan kuwa tana jibge a kusurwa, ya mayar da ita katifa. Duk zuwan da na yi sai in ga ya ƙara faɗi, har ya koma kamar matashin kai mai kunne. Na ce, "Inna, wannan ƙibar ba ta lafiya ba ce." Ta ce, "Hassada kike masa. Shi ma rai ne."

Wata rana da hantsi ina shagon ɗinkina ta kira ni. "Acici ya ƙi ayaba," ta ce. Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ji muryarta irin wadda ta kira ni da ita ce ranar da Baba ya faɗi. Na bar rigar mutane a kan keke na fita.

Na tarar da Acici ya dunƙule a ƙarƙashin kujera, kunne a kwance, yana ciza haƙora. Inna ta naɗe shi a tawul muka kai shi asibitin dabbobi. Likitar, wata yarinya mai sanyin magana, ta ce haƙoran zomo ba sa daina tsiro, ciyawa ce ke goge su. Nasa sun yi tsini sun yanka masa kunci, cikinsa kuma ya tsaya cak, abin da kan kashe zomo cikin ɗan lokaci. Ta rage masa haƙoran, ta yi masa allura, sannan ta tambayi abin da yake ci. Inna ta fara lissafi da ƙarfin gwiwa, tana zuwa kan kek muryarta ta mutu.

"Mama," in ji likitar, "ba yunwa ce ta kwantar da shi ba, ƙoshi ne. In ya sake kwanciya irin wannan, ba na jin zai tashi."

A mota, da muka kusa gida, Inna ta juyo ta kalle ni. "Me zan ce wa Auta? In ce na kashe mata shi da abinci?"

Acici dai ya tashi, da ɗurar da take yi masa da sirinji. Yana samun sauƙi kuwa ya dawo da barar tasa, fiye ma da da. Nan wahalar Inna ta fara. Sai ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta ci a tsaye kamar ɓarauniya, shi kuma yana karta ƙofar da farce. Daga baya ma ta daina ci. Na zo na buɗe tukunya na tarar da girkin jiya ko cokali ba a sa ba, raina ya ɓaci sosai.

"Inna, a kan zomo za ki kashe kanki? Yau zan tafi da shi."

"Ba inda za shi." Ta kalle shi, sannan ta ce, "Likitar nan ta ce ciyawa ba ta da iyaka, ko ba haka ta ce ba?"

"Haka ta ce. Ko yini zai yi yana ci."

"To ai ba hana shi aka ce in yi ba." Ta miƙe ta ɗaura ɗankwali irin ɗaurin da take yi in za ta aiki. "Ɗauko min ludayina."

Sai ta mayar da gidan ɗakin cin abinci. In lokaci ya yi sai ta ƙwanƙwasa ludayin a murfin tukunya, ta zuba nasa, ta zuba nata, ta zauna a gabansa ƙiri-ƙiri. Ta kwashe tulin ciyawar nan na kusurwa, ta ce yaro ma in ka jibga masa abinci kallonsa yake yi, kaɗan-kaɗan ake zubawa, sabo-sabo. Cokalin abincin buhun ta daina sa shi a kwano, sai ta warwatsa a cikin ciyawar, dole ya tona, yana tono yana tauna. Ta cusa ciyawa cikin kwalin takardar banɗaki. Ganye kuwa ta rataye shi a ƙafar tebur, sai ya miƙe zai samu. Safe da yamma ta sake shi tsakar gida tana biye da shi da tsintsiya.

In ya zo ya dafa gwiwarta yana kallon burodinta, sai ta damƙo ciyawa ta ce, "Ga ƙari." Ya yi jifa da kwano, ta ɗauko ta sake cikawa. "Na ga waɗanda suka fi ka taurin kai, yanzu suna nan suna tuƙa mota." Na ga ranar da hannunta ya tafi da gutsuren ayaba har rabin hanya, ta tsaya, ta juyo da shi ta sa a bakinta, idonta ya cika da ƙwalla. A ranar na ji alfahari da uwata fiye da kullum.

Ni dai na sha wahala ta wani fannin. Kullum da safe sai ta kira ta ba ni labarin kashinsa, ya yi girma, ya yi zagaye, ya bushe yadda likita ke so, ni kuwa ina tsakiyar karin kumallo.

Da Auta ta dawo hutu, daga tasha gidan Kaka ta ce a wuce. Muna shiga Acici ya zo a guje, ya yi wani tsalle ya murɗa jiki a sama, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ta ɗauke shi tana shafa bayansa, ta ce gashinsa har sheƙi yake. Inna ba ta ɓoye mata komai ba, ta faɗi maganar kek da asibiti tana kallonta ido cikin ido. Sannan ta ƙwanƙwasa ludayi muka zauna.

Muna cikin ci Acici ya dafa cinyar Auta ya yi mata idon nan nasa. Ta gutsuro burodi.

"Ɗan kaɗan ne, Kaka, na murnar dawowa."

Hannun Inna ya riƙe wuyan hannunta. Hannun nan da bai taɓa hana kowa ƙari ba.

"Ba a gidan nan ba," ta ce. Ta damƙo ciyawa ta sa wa Auta a tafin hannu. "Ba shi wannan."

Ya hura hanci, ya juya mana baya, can ya juyo ya ja ƙwaya ɗaya ya fara tauna.

Da za mu tafi Auta ta sa shi a kejin ta ɗauka. Ta tsaya tana kallon tebur, inda farantin Kaka yake tas babu saura, kwanon Acici a gefensa. Ta ɗago ta kalle ni, na kawar da kai.

"Ajiye shi," in ji Inna tana tattara kwanuka. "Ba ki iya ciyar da shi ba."

Auta ta ajiye.